Zaren Awo da Ɗan Fari

Muryata ta riga gwiwoyina gajiya. Lokacin da nake aikin jinya a unguwar Kilomita Biyar cikin Bangui, aka ɗora mini horar da matan ƙauye, waɗanda za su koma su riƙa duba yara a inda babu asibiti. A wani tsohon shagon atamfa muke zama, bayan kasuwa. Ga zafi, ga ƙugin babura, ni kuma in faɗi magana da Hausa, in sake da harshen Sango, gobe a dawo kamar ban taɓa faɗa ba. Wallahi wata rana kafin azahar ko sallama ba na iya amsawa.

Abin koyarwar kuwa bai taka kara ya karya ba. Zaren roba ne mai launi uku, a zagaya shi a dantsen yaro don a gane ko yana da tamowa. Kore lafiya lau, rawaya a sa ido, ja kuwa a goyo shi a taho Bangui, kada a jira gobe.

Akwai wata matashiya daga wani zango a hanyar Boali, ba ta da surutu, amma hannunta na kama abu. Da ta koma gida, ba yaron da ya tsere mata. Har tsokanarta nake yi, in ce, "Ke 'yar nan, kajin zangonku ma ba za ki bari ba?"

Wata Juma'a ta zo sabunta horo tare da surukarta. Tsohuwar na riƙe da wani yaro, gashinsa ya yi ja-ja, wuyansa kamar ba zai ɗauki kansa ba. Na ce, "Wannan fa, na waye?"

Ɗalibar tawa ta sunkuyar da kai. Surukar ce ta amsa: "Nata ne, na fari."

Sai na gane. Kunyar ɗan fari! Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ta auna 'ya'yan kowa, nata ta tsallake, don kada a ce ta yi rashin ta-ido. Ni ma haka aka raine ni, na san nauyin abin. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, har na rasa wa zan yi wa faɗa.

Na ce, "Karɓi zaren nan."

Ta ce, "Malama, ki yi mini rai, ki auna da kanki."

"Ni ba zan bi ki zango ba. Yau in auna, wata mai zuwa wa zai auna?"

Sauran matan suka zuba mata ido. Ta durƙusa, ta zagaya zaren daidai yadda na koya mata, amma fuskarta na kallon bango. Da ƙyar na ji muryarta: "Malama, wane launi?"

Na ce, "Ki duba."

Ta daɗe kafin ta juyo. Ja ne, ja sosai.

Surukar ta miƙa hannu za ta ɗauke shi kamar kullum. Uwar yaron ba ta ba ta ba. Ta kwance mayafinta, ta goya ɗanta gaban kowa, ta fita titi tana kiran mai babur da ƙarfi, ya kai su asibiti. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar.