Tsibirin da Aka Ba Ni Amana

Ba zan faɗi sunana ba, domin mahaifiyata tana raye, kuma har yanzu tana shiga cikin mutane. Ku dai sani ni 'yar Madina ce. A unguwar Harra ta Gabas aka haife ni, cikin tsofaffin gidajen nan da aka gina a kan baƙin dutse. Kakanninmu sun zo aikin hajji daga ƙasar Hausa, suka yi zamansu. Na tashi yarinya marar hayaniya, mai son karatu da kallon tattabarun Harami. Ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Na karanta ilimin halittu a jami'a, da na gama kuma Allah Ya ba ni aikin da na daɗe ina mafarki: aka ɗauke ni cikin masu tsaron namun daji a gaɓar Bahar Maliya, can wajen Yanbu.

Idan zafi ya shigo, aikinmu yakan koma kan wasu ƙananan tsibirai. A can ne tsuntsayen teku da Larabawa ke kira harshana suke taruwa su yi ƙwai. Farare ne masu baƙar hula, idan suka tashi gaba ɗaya sai ka ce wani ya yage gajimare ya watsa. Ba sa yin sheƙa. Ɗan rami kawai suke yi a yashi su ajiye ƙwai mai ɗigo-ɗigo. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne, a wannan zafi uwa ba ɗumama ƙwan take yi ba, inuwa take yi masa. Takan jiƙo cikinta a ruwa, ta dawo ta tsaya a kansa tana haki. Idan mutum ya kore ta da rana tsaka, kafin ta dawo yashi ya dafa abin da ke ciki. Shi ya sa aka hana kowa sauka. Mu kanmu sai da sassafe muke taka tsibirin, mu duba, mu fita da sauri. Shugabarmu, Ustaza Maryam, Balarabiya ce mai ƙarancin magana, ta yarda da ni fiye da kowa.

Farkon abin daga kakata ne, wadda muke kira Sitti. Ina ba ta labarin tsuntsayen sai ta ce, lokacin da kakanmu yake dako a tashar jirgin ruwa yakan kawo mata ƙwansu, kuma ba za ta mutu ba ta manta ɗanɗanonsa. Da na koma aiki na ga wani ƙwai da ya mirgino daga raminsa, babu uwa a kusa. Na ce a raina, wannan ai mutuwa zai yi. Na sa shi a aljihu. Da na kai mata, Sitti ta yi ta sa mini albarka har da hawaye. Zuwa na gaba ban sami wanda ya mirgino ba, sai na ɗauki biyu daga rami. Uwarsu ta bi ni tana kuka a saman kaina har bakin jirgi.

Akwai ɗan ƙanin babana, Bakur, wanda yake da kwalekwalen inji a Yanbu yana kai mutane kamun kifi. Shi ya ga ɓawon a ɗakin Sitti. Ya ɗaga shi yana murmushi.

"Masha Allah, ya bint ammi, 'yar baffana. Ashe mai gadi ma tana ɗanɗanawa?"

Na ce masa don Sitti na yi. Ya ce ai shi ma akwai tsofaffi da yawa da ke nema, suna cewa magani ne, kuma suna biya da kyau. Na ce haramun ne.

"Ɓarauniyar Sitti tana wa'azi!" ya ce, ya yi dariya har da tafi. "Ni ban ce ki ɗauko ba. Ki faɗa mini ranar da jirginku zai yi arewa ya bar wurin, halas, shi ke nan. Kwando ɗaya daga gefe. Tsuntsu dubu nawa ne a can?"

Na ƙi. Bayan mako guda ya aiko mini da turare daga kantunan titin Sultana. Sai abaya, sai sabuwar waya. Saƙon farko da na tura masa ya yi mini wuya, na biyu kuwa ko gezau. A wannan shekara kwando ɗaya ya riƙa ɗauka kamar yadda ya ce, ba wanda ya lura. Na riƙa karɓar rabona ina gaya wa kaina cewa teku ba ta ƙarewa.

Shekara ta biyu ce ta kashe ni. Wata safiya muka nufi babban tsibirin da ke cikin tsibiran nan, tun daga nesa na ji wari. Tsuntsayen suna ta kewayawa a sama, sun ƙi sauka. Da muka taka yashi sai na ga an bi ƙwayayen nan kaf an tattake. Ba ɗauka aka yi ba, fasawa aka yi. Ga sawun takalma layi-layi, ga kwanduwa ta bushe a kan yashi, wasu har da 'yan tsaki da suka kusa fitowa. Ustaza Maryam ta durƙusa a kan yashin. Ni kuwa na juya baya na yi amai, ta zo tana shafa mini kai, tana cewa in yi haƙuri, za mu kama su.

Da na sauka daga aiki na kira Bakur ina kuka. Ya ce in kwantar da hankalina, haka masu sana'ar suke yi tun kaka da kakanni. Masu saye sun yi ƙorafin suna samun jini a cikin ƙwai. To idan aka fasa na farko duka, tsuntsu zai sake yin sabo, duk wanda ka tarar idan ka dawo ka san ɗanye ne.

"Za su sake yi, ke ma kin sani. Mu dawo mu kwashe gaba ɗaya. Ki tura jirginku arewa ranar Talata ta sama."

Na sani sarai. Na kuma san abin da bai damu ya sani ba: harshana takan sake ƙwai sau ɗaya idan ta yi asara, amma idan aka kwashe na biyun, shekarar ta tafi babu ɗan tsako ko ɗaya, kuma tana iya barin tsibirin har abada. Na ce ba zan yi ba.

"Wallahi za ki yi," ya ce, muryarsa ta canja. "Duk saƙonninki suna wayata. In na faɗa rami tare muke. Ki tuna da Mama."

Tun da aka yi ɓarnar, jirginmu kullum yana kusa da babban tsibirin, tsuntsayen kuma suka sake cika yashi da ƙwai. Ranar Litinin na je na gaya wa Ustaza ƙarya, na ce wani masunci ya tsegunta mini an ga baƙon kwalekwale a tsibiran arewa. Ta dube ni ta ce, "Allah Ya yi miki albarka, habibti, abar ƙaunata." Talata da hantsi muka kama hanyar arewa, ni da ita da direban jirgi.

Ina zaune a gaba, ruwa yana feso mini a fuska, ina kallon babban tsibirin yana ƙanƙancewa a bayanmu. Rana tana hawa. Sau biyu na yi niyyar faɗin gaskiya na fasa. Sai wata harshana ta wuce mu ƙasa-ƙasa, ta tsoma cikinta a ruwa, ta juya ta nufi tsibirin da sauri. Na san inda za ta, na kuma san wanda za ta tarar.

"Ustaza," na ce, "babu kowa a arewa. Ƙarya na yi. Suna babban tsibiri yanzu. Ni nake faɗa musu ranakunmu."

Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta ce wa direba ya juya, ta ɗauki rediyo ta kira jami'an tsaron teku. Daga nan ba ta ƙara dubana ba.

Tun kafin mu isa muka hango farin hayaƙi a saman tsibirin. Ba hayaƙi ba ne, tsuntsayen ne duka sun tashi. Kwalekwalen Bakur yana bakin ruwa, shi da wasu maza uku sun riga sun shiga da kwanduna, sun share gefen kudu. Direba ya ce mu sauka mu kama su. Ustaza ta ce a'a: in muka shiga ana guje-guje, tsuntsu ba zai sauka ba, rana za ta ƙarasa abin da ɓarayi suka bari. Jami'an kuma suna nesa. Ta miƙo mini lasifika ba tare da ta juyo ba.

"Ke kika san su. Fito da su."

Na ɗauka. Da Larabci na yi niyyar magana, amma Hausa ce ta fito, Hausar ɗakin Sitti.

"Yaya Bakur! Ni ce. Na faɗi komai."

Ya tsaya cak, kwando a hannu. Ya ɗaga murya ya ce, "Kin haukace? Kin san abin da kika yi wa kanki?"

"Na sani. Ba sauran abin da za ka riƙe ni da shi. Jami'ai suna hanya, ba inda za ku. Ku fito bakin ruwa ku zauna, don girman Allah. Kada ka bi ta tsakiya, ka bi ta gefe."

Ya zage ni, ya zagi ranar da aka haife ni. Ɗaya daga cikin mutanensa ya yar da kwando ya ruga kwalekwale, direbanmu ya gitta jirgi ya tare hanya. Ni kuwa ba abin da nake kallo sai yashin nan yana ƙyalli, ƙwai birjik a fili babu inuwa. Na ci gaba da kiran sunansa har muryata ta dishe. Daga ƙarshe ya ajiye kwandon, ya tako a hankali ta gefe, ya zauna a bakin ruwa ya dafe kai. Sauran suka biyo shi. Muka kashe inji, muka yi shiru. Can sai guda ɗaya ta sauko ta tsaya a kan raminta, sai wata, sai suka riƙa zubowa kamar auduga.

Da jami'an suka iso, a jirgi ɗaya aka kwashe mu, ni da Bakur. A gaban alƙali ban musa komai ba. Ya ce gaskiyar da na faɗa ta rage mini, amma ba ta wanke cin amana ba. Aka kai ni gidan yarin mata. Sitti ta rasu ina ciki, an ce mata na tafi ƙaro karatu ne. Abin da ya fi damuna a can ba ƙunci ba ne, rashin sanin ko ƙwayayen nan sun rayu.

Da aka sake ni na dawo Madina, na tuba ga Allah, ina kuma roƙon Ya karɓa. Yanzu ina taya wata mata sayar da dabino a unguwar Anbariyya. Ba za a sake ba ni wancan aiki ba, kuma daidai ne. Na aika wa Ustaza Maryam neman gafara. Ta daɗe kafin ta amsa, amsar kuma gajera ce: gefen arewa na babban tsibirin ya ƙyanƙyashe, kuma tsuntsayen suna dawowa can duk shekara. Gefen kudu har yau yashi ne kawai.

'Yan uwana matasa, musamman ku da aka ba wa tsaron wani abu, ku ji ni. Wanda zai saye ku ba baƙo ba ne, ɗan gida ne, da dariya zai zo, kuma ƙaramin abu zai fara roƙo. Ku ce a'a tun a wannan ƙaramin. Wanda kuma ya riga ya shiga, kada ya jira ranar da ta dace, ya je yau ya faɗa da bakinsa. Ni na jira har hantsin Talata, rabin tsibiri ne ya biya wannan jinkirin.