"Na Ji" Daban, "Na Yarda" Daban

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya yi wa Baba Tafinta rasuwa a asibiti bayan jinyar kwana shida. Ina cikin aji ina rubutu a allo autarsa ta kira ni ta faɗa mini. Na ce, "Na ji." Na mayar da wayar aljihu, na ƙarasa jimlar da na fara. Har yau ban yi kuka ba, ban kuma san dalili ba.

Baba, shekara talatin da ɗaya ka yi kana tsaye tsakanin alƙali da wanda ake tuhuma, kana juya maganar wannan zuwa harshen wancan. Da ka yi ritaya sai ka dawo bencin ƙofar shagon littattafai, inda mu mayun littattafan labaran kotu muke haɗuwa duk Asabar mu yi ta musu. Mai kemis yana son lauya mai buga tebur. Tela ita kuma ba ta da gwani sai shaidan da ke faɗowa kotu ana dab da yanke hukunci. Kai sai ka bar mu mu gaji, sannan ka ce ba ka taɓa ganin mai laifi ya tona kansa don lauya ya ɗaga murya ba. Ka ce abin da marubuta ke tsallakewa shi ne jira: fankar da ba ta juyawa, fayil ɗin da ya ɓata, tsohuwar da ta zo tun safe aka ce ta dawo wata mai zuwa.

A bencin ne ka ba mu labarin wani manomi da aka karanta wa tuhuma ya ce "na ji," sabon tafinta ya juya da cewa ya amsa laifinsa. Ba aikinka ba ne ranar, amma ka miƙe daga baya ka ce, "Ranka ya daɗe, ji ya ce ya yi, bai ce ya yarda ba." Ka sha faɗa a wurin alƙali, mutumin kuwa ya kwana cikin iyalinsa.

Da kalmomin nan biyu, "na ji" ko "na yarda," kake yanke wa kowane littafi hukunci a shafin ƙarshe, da jan biro. Littattafai uku na rubuta, duka ukun "na ji" na samu. A na ukun na yi fushi, mako biyu ban zo benci ba. Kai da kanka ka tako har gidana da ƙafarka mai ciwo, ka ja ni kotu, muka yi kwana uku muna zama a kujerar baya. Ba a yanke hukunci ko ɗaya a gabanmu ba, ka ce to yanzu na fara ganin kotu.

Na huɗun na ba ka shi tun ba a buga ba. Ban gaya maka ba, amma na riga na ƙudura cewa in wannan ma "na ji" ne, na ajiye alƙalami ke nan.

Jiya autarka ta kawo mini takardun cikin ambulan. Babi sha tara ne, ka karanta sha bakwai. Ka gyara mini kalma a wurare da dama. A ƙasan babi na sha bakwai ka rubuta, "An ɗage zuwa Asabar." Shafin ƙarshe fari fat.

Na tambaye ta ko ka ce wani abu.

Ta ce, "Yaya, cewa kawai ya yi kada a taɓa, bai gama sauraro ba."

Ambulan ɗin yana kan teburina. Ban san ko in kai shi a buga ko in sa a durowa ba, wanda zai gaya mini kuma ya tafi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yanka biyar, da jikoki, da mutanen benci. Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sauƙaƙa maka tsayuwa a ranar da ba a bukatar tafinta. Ya ba iyalinka haƙuri. Ni kuma labarin rasuwarka na ji shi. Allah Ya sanyaya zuciyata, Ya kai ni ranar da zan iya cewa na yarda.