Gadon A-Ma a Jikin Bango

Mak Siu-tong direban ƙaramar bas ne mai jan rufi, kuma duk wanda ya taɓa shiga motarsa daga unguwar Mong Kok ya san Allah bai yi shi da haƙurin jira ba. Da gaggawa ya yi aure, da gaggawa auren ya mutu, ya koma wani ɗaki a Sham Shui Po wanda in ka yi miƙa a ciki sai ka ba bango haƙuri. Bai damu ba. Benci ne makwancinsa, abinci kuma a shagon shayi na ƙasan bene.

Sai mahaifiyarsa ta zame a matakala, ƙugunta ya karye. Asibiti suka ce ta yi sallama da bene marar lif da kwanan ƙasa: ko a sama mata gado wurin ɗanta, inda akwai lif, ko gidan tsofaffi. Ƙanwarsa har ta kama mata wuri a can. Siu-tong ya ce bai yarda ba. Matar da ta goya shi tana wanke kwanukan mutane, ita za a kai inda ake kiran mutum da lambar gado?

Gado ba zai zauna a ɗakin ba, sai dai ya tsaya. Ya yanke zai haɗa irin wanda ake jingine shi a bango da safe. Katako ba matsala, ƙarafan ne suka kai shi Yau Ma Tei, shagon Yip Je, wata mace mai baki kamar reza.

“Sifirin ko shokozoba?” ta tambaye shi. Sifu take ce masa, kamar yadda ake kiran direbobi da masu sana’a.

“Wanne ya fi saurin ɗaurawa?”

“Kai da sauri, Sifu Mak! Tsohuwa za ta kwanta, ba fasinja ba. Sifirin in ya tsufa kuka yake, ran da ya tsinke kuwa sai ka nemi haƙoranka a ƙasa. Ɗauki shokozoba, irin ta but ɗin mota, amma daidai nauyin katifa. In ta fi ƙarfi, da uwar taka za ta naɗe.”

Ya kwashi hinji, da ƙusoshin kankare, da shokozoba dogaye guda biyu. Tana cewa, “Tsaya, ta ina ƙofar ɗakin take?” shi kuwa har ya tsallake titi.

Gado ya yi kyau, a faɗi gaskiya. Ranar da ƙanwar ta turo tsohuwa a keken marasa lafiya don ta gani, ya ja shi da yatsa ɗaya, ya sauko a hankali, ƙafafun gadon suka dira saitin ƙofa. Tsohuwa ta daɗe tana kallo.

“Ka kyauta, A-Tong. Ka rage wa masu ɗaukar gawa wahala.”

Sai yanzu ya gane. A al’adarsu da ƙafa gaba ake fitar da mamaci. Tun yana yaro ya san wannan, gaggawa ce ta rufe masa ido.

“A-Ma, to ai sai ki juya kanki ta can.”

“In ajiye kaina a bakin ƙofa kamar takalmi? Mai da ni, ’yar nan.”

Kunya ta kama shi, ga tsoro, don gidan tsofaffin na jiran amsa. Ya koma wurin Yip Je da ƙarafa a leda. Sai da ta yi dariya ta ƙoshi, sannan ta ba shi gajerun shokozoba na gadon da ke saukowa ta gefe, ya kwanta bin bango. Wannan karon ya zauna ya ji bayani har ƙarshe. Ya ajiye mota, ya kwance aikin nan kaf, ya auna ya sake aunawa, har maƙwabta suka zaci ba shi da lafiya.

Da aka dawo da tsohuwa, ta dubi ƙofa, ta dubi gado. Ta sa hannu ɗaya ta ɗaga shi, ya tafi ya lafe a bango ba ko ƙara. Ta sauko da shi, ta lallaɓa ta zauna, ta danna katifar.

“Ta yi tauri,” ta ce. Sannan ta juya wajen ƙanwarsa. “Ke, buga wa mutanen nan waya, su ba wani wurin. Ki biya ki ɗauko mini tukunyar shinkafata, wannan yaron ko cokali ba shi da shi.”