Mujiyar da Yayata Ta Jefa a Bola

Abubuwa da yawa sun same ni a Doha na manta su, amma ranar da yayata ta jefa mujiyar abokiyar zamana a bola, wannan kam tana raina har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun wuce, duk da haka yanzu da na ɗauki biro sai da na ji raina ya sake ɓaci.

Ni nas ce, 'yar Jos. A lokacin ina haya a unguwar Mansura, gida mai ɗaki biyu, ni da wata abokiyar aikina 'yar ƙasar Girka. Mace ce marar hayaniya, in ba ta asibiti to tana ɗakinta tana saƙa da ulu. Da korona ta kwantar da ni, ita ta yi jinyata. Ta dawo aiki a gajiye, ta dafa min romo, ta sa takunkumi ta shigo ta auna numfashina. 'Yan'uwana na coci waya kawai suke bugowa, ban kuma ga laifinsu ba, kowa tsoro yake ji.

Da na warware na shiga ɗakinta in yi godiya, karo na farko ke nan. A kan wata 'yar kanta na ga farin ƙyalle, da ƙaramar fitila, da ɗan kwano na man zaitun, sai kuma mujiya ta katako ta zuba min manyan idanu. Na ja da baya. Mu da muka tashi in mujiya ta yi kuka a kan rufi tsofaffi su hau addu'a, a ce mayya ta zo ɗaukar wani!

Ta ga fuskata ta canja, sai ta zaunar da ni. Ta ce ita allahiyar hikima ta mutanensu na da take bauta wa, mujiya kuwa alamarta ce. Kullum da safe takan wanke hannu, ta kunna fitilar, ta ɗiga mai, ta roƙi natsuwa don kada ta yi kuskure a maganin marar lafiya. Mujiyar kuma mahaifinta ne ya sassaƙa mata da itacen zaitun na gonarsu kafin ya rasu. Ta ce, "Ina roƙonki kada maganar ta fita. Kin san ƙasar nan, in aka ce sihiri nake yi, aikina ya tafi." Na yi mata alkawari. Addininta ban yarda da shi ba, har gobe, amma ban taɓa ganin ta cuci ko ƙuda ba.

Sai ga gasar cin kofin duniya ta zo. Najeriya ba ta samu shiga ba, amma Yaya, 'yar wan babana, ta samu. Matar da ba ta san yawan 'yan wasan da ke fili ba ta sayi tikiti don kawai ta zo ta kwashi turare da mayafai a kasuwar Souq Waqif. A wurina ta sauka. Na ce, "Yaya, ɗakin can ba namu ba ne, don Allah kada ki shiga." Wautata ke nan. Ka ce wa Yaya kada ta shiga wuri, ai katin gayyata ka ba ta.

Rana ta huɗu da zuwanta muka dawo aikin safe ni da abokiyar zamana, mun sha matsi a jirgin ƙasa cikin masu tutoci da ganguna. Muna buɗe ƙofa na taka gishirin da aka barbaɗa don korar aljanu. Ga Yaya a falo ta harɗe, fuskar nan fes.

"Ƙanwata, yau Ubangiji ya cece ki," in ji ta. "Na shiga in share wa baiwar Allah ɗaki, me zan gani? Mujiya! Shi ya sa ciwo ya kusa kashe ki, shi ya sa har yau ba miji."

Na ce, "Yaya, ina kika kai ta?"

"Bola mana. Da miya zan yi da ita?"

Da kayan aiki a jikina na sauka a guje, na leƙa babbar bolar layinmu. Wayam, motar shara ta riga ta kwashe. Na hawo na ce, "Wa ya aike ki? Matar da ta yi jinyata lokacin da ke ko gaisuwa sai ta waya? Abin ubanta ne, ubanta da ya mutu!" Yaya ta taɓe baki ta ce an riga an shanye ni. Sannan ta ƙara min da wanda ya fi: ashe kafin ta jefar sai da ta ɗauki bidiyo, ta tura guruf ɗin WhatsApp na matan cocinmu, wanda rabin nas-nas ɗin Najeriya da ke Doha suna ciki.

Ita mai ɗakin tana tsaye tana kallon kantar da ba kowa. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Tambaya ɗaya ta yi min: "Wa kuma ya gani?"

Da a nan labarin ya tsaya, da Yaya kaɗai zan riƙe a zuciya. Washegari a asibiti nas uku 'yan garinmu suka tare ni, ɗaya ta ce, "Sista, da gaske da matsafiya kike kwana gida ɗaya? Ke ma kina ciki ne?" Ni da jiya na kusa cinye Yaya ɗanya, sai na ji bakina yana cewa, "Ni ban san komai ba, kowa da ɗakinsa. Khalas, magana ta ƙare." Na watsa hannuwa na juya. Ashe abokiyar zamana tana nan a bayana, tana tura keken magani. Ba ta jin Hausa, amma ta ga hannuwan.

Ba wanda ya kai ƙararta, amma an daina zama kusa da ita wurin cin abinci, in ta miƙa abu sai a karɓa da yatsu biyu. Cikin mako ta kwashe kayanta ta koma unguwar Muntazah, bayan wata biyu ta ajiye aiki ta bar ƙasar. Ranar da ta tashi daga gidan na tarar da makulli a kan tebur, tare da mayafin ulu da ta daɗe tana saƙawa. Ashe ni take saƙa wa, don ta ji ina yawan cewa Jos akwai sanyi.

Yaya har yau tana ba da shaida a coci yadda ta kori aljani a ƙasar Larabawa, ana yi mata tafi. Ni in na ji sai in tashi in fita. Amma haushin da nake ji nata bai kai wanda nake ji na kaina ba, don ita jahilci ya sa ta, ni kuwa na san gaskiya na haɗiye. Abin da na koya shi ne, riƙe amana ba yin shiru kaɗai ba ne, akwai ranar da sai ka buɗe baki ka ce mutumin nan na san shi, bai cuci kowa ba. Mayafin yana cikin akwatina. An yi sanyi sau nawa a Jos tun da na dawo, ban taɓa iya yafa shi ba.