Zanen Matata a Kan Kwalabe

Jiya ina cikin jera kwalaben giya a kabad ɗin falo, shirin Kirsimeti, sai na ji sallamar Alhaji, maƙwabcinmu a unguwar Park Hill. Na fizgo zanen matata na lulluɓe su. Duk shekara haka nake yi, don kada ya gani ya ɗauke ƙafa.

Ya ajiye ledar zoborodo da citta, ya dubi kabad ɗin.

"Malam Bitrus, shekara shida wannan zanen yana Kirsimeti a nan. Mayar wa Madam kayanta. Ni dai a ware mini layin ƙasa, nan zobona zai zauna."

Na cire, na goge masa layin.

Ashe tuntuni ya sani, kuma bai taɓa fasa shigowa ba. Ku fa, wane maƙwabci ne ya taɓa rufa muku asiri haka?