Zakkar Geron Ƙanena

Da mahaifinmu ya rasu aka zo rabon gonaki, ni aka ba zaɓi saboda ni ne babba. Ban tsaya wata kara ba, na ɗauki fadamar bakin rafi ta wajen Durun, baƙar ƙasa mai ba da shinkafa da damina, albasa da tumatir da rani. Ƙanena ya tashi da gonar tudu, yashi zalla. Shekara da shekaru ni nake aika masa da shinkafar Salla, kuma aikawar nan tana yi mini daɗi ƙwarai.

Sai ga shekarar da ruwa ya yi gyara. Haka muke cewa don kada ya zama ƙorafi ga Ubangiji. Shinkafata ta fara fitar da kai ke nan rafi ya tumbatsa ya kwanta a kanta, da ya janye kuwa yashi ya bar mini har gwiwa. Yashin da na guda a wajen rabo, shi ne ya biyo ni har gonata.

Ba ni kaɗai ba ne. Gadar hanyar kasuwa ta karye, manyan motocin da ke zuwa Gwarzo ɗaukar kaya suka ɗauke ƙafa. Kullum rediyo sai ya ambaci wata jihar da ruwa ya cinye wa gonaki. Hatsi ya yi tashin gwauron zabo, mai injin niƙa ya koma gyangyaɗi, samari suka tafi cirani tun kaka ba ta yi ba.

Geron ƙanena kuwa, ruwan nan kamar don shi aka yi. Zangarniya kamar damtse. 'Yan kasuwa daga Kabo suka riƙa sallama a ƙofar gidansa, mutanen da ke fara gaishe ni a masallaci suka koma fara miƙa masa hannu. Bakina kawai ke cewa masha Allah. Kishi nake yi, kishi sosai, har hanyar makarantar Islamiyyar da nake koyarwa na sauya don kada na ga dammunansa. A gidana kuwa an kai ga kaɗe gindin rumbu, uwar 'ya'yana ta daina tambayata abin da za a ɗora.

Wata rana bayan la'asar ƙanena ya same ni a zaure, ya cire takalmi ya durƙusa kamar yadda ya saba. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya sake yi mini jaje. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Yaya, fatawa na zo nema. Na fitar da zakkar gero, dami ɗaya cikin goma. Shin tana halatta a ba ɗan'uwa na jini?"

Na dube shi. Babin nan ni na karantar da shi a wannan zauren, ya san amsar sarai. So yake ta fito daga bakina, don kada a ce ƙane ya aika wa wansa sadaka.

Da wani ne ya tambaya, da tuni na amsa har da ƙarin bayani. Na yi gyaran murya, na gyara hula, na nemi wata ƙofar da zan bi na ce a'a, ban samu ba. Daga cikin gida ina jiyo autata tana kukan yunwa.

"In mabuƙaci ne, ta halatta," na ce. "Ta ma fi lada."

"To Alhamdu lillahi. Allah ya ƙara sani, Yaya."

Ya tashi ya leƙa waje ya yafito wani. Ashe amalanken shanu tun ɗazu yana tsaye a bayan katangata, an lulluɓe dammunan da buhuna don kada maƙwabta su gani.

Geron ya kai mu har sabuwar damina. Tuwonsa ya yi daɗi, kuma har ya ƙare ban daina jin haushin daɗin nan ba.