Neman takardun asibitin Baba a Sentul

A ɗaki muka yi sallar asuba, don har yanzu, saboda korona, ba a barin irinmu baƙi shiga masallacin unguwa, sannan muka fito daga Bukit Jalil ni da maƙwabcina, wani ɗan Katsina da muke karatu tare. Dalilin tafiyar Baba ne. Kafin annobar korona ya zo nan aka yi masa aikin ƙoda a wani asibitin kuɗi da ke Sentul, ya koma Kano. Yanzu ciwon ya taso, likitansa ya ce ba zai taɓa shi ba sai ya ga abin da aka yi masa a nan. Mutumin da ya yi wa Baba hanyar asibitin ya ce zai karɓo takardun, amma kuɗin da ya yanka ya kusa hayar ɗakina ta wata. Na ce bari dai in je in gani da idona.

A tashar LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, aka auna zafin goshinmu, muka nuna shaidar lafiya a waya, muka shiga. Jirgin da a da ake tsayuwa kamar an cusa kifi a gwangwani, ranar kowa da kujerarsa, an liƙa alama a ta kusa kada a zauna. Ta taga na riƙa kallon dogayen benaye, kusan kowace baranda da shanya, alamar kowa na gida. Maƙwabcina ya yi barci da takunkuminsa, gilashin idonsa ya yi raɓa.

Sentul tsohuwar unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ce, tsofaffin shaguna a gindin sababbin benaye. Muka tsaya a mamak, shagon abincin Indiyawa Musulmi. An kife kujeru a kan tebura, sai dai tapau, wato a ƙunsa maka ka tafi. A tsaye a bakin titi muka ci gurasarsu ta roti da shayi mai kumfa, wanda aka zuba mana a leda.

A ofishin ajiyar bayanai na asibitin, wata mata ce a bayan gilashi. Na miƙa wasiƙar izinin da Baba ya sa wa hannu ya turo ta waya, da hoton fasfonsa. Ta duba ta ce, “Boleh,” wato zai yiwu. Na tambayi kuɗin da ɗar-ɗar. Da ta faɗa sai na ce ta maimaita, na ɗauka takunkumi ne ya cinye rabin maganar. Bai kai cefanenmu na mako ba.

“Me ya sa haka?” na ce.

Ta ce rahoton da likita ke rubutawa hukuma ta sa wa kuɗinsa iyaka, asibiti ba ya wuce ta, kwafin gwaje-gwaje kuma kuɗin bugawa ne kawai. Na ci gaba da tambaya, ko mutum na iya kai ƙara idan an caje shi fiye da haka. Ta yi dariya ta ce, “Boleh lah,” ta kira wanda ke bayana. Kwafin gwaje-gwajen a take aka ba ni, rahoton likita aka ce sai bayan kwanaki za a turo.

Da za mu dawo muka sauka a hanya don mu ratsa Jalan Tuanku Abdul Rahman. Titin yadudduka ne, amma rabin shagunan a rufe. Wani dattijo ya bi mu har bakin ƙofa yana rage farashin mayafi, maƙwabcina ya saya wa matarsa biyu don kunya.

Ina isa gida na ɗauki takardun a hoto na tura Kano. Bayan la'asar ɗinsu likitan ya kira ni da kansa. Ya ce a ciki an rubuta cewa akwai wata allura da jikin Baba ba ya karɓa, ita ce kuwa ya yi niyyar fara yi masa. Baba bai taɓa sanin sunanta ba, ni ma haka.

Tun ranar nake tambayar 'yan'uwa ko mu ma muna da irin wannan ƙa'idar ta farashi a gida, har yau ban samu wanda ya sani ba. Abin da na koya shi ne, duk wanda aka sallama daga asibiti ya nemi takardunsa kafin ya fita ƙofa, ya kuma tambayi farashin daga bakin masu wurin. Baba yana samun sauƙi, alhamdulillahi.